Fiyul famfo: tokumbo ko sabo ɗan China?

Malam, ka tambayi wane fiyul famfo (famfon da ke turo fetur daga tanki zuwa inji) za ka sa wa Corollarka, tokumbo ko sabo ɗan China. Tsakanin biyun nan ɗauki tokumbo na kamfanin Denso kawai. Amma tunda ka ce Corollar wani lokaci ta tashi wani lokaci ta ƙi, kar ka fitar da ko sisi tukuna, don irin wannan sau da yawa wuta ce ba ta kai wa famfon.

Murɗa ki zuwa ON ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya, wasu motocin za ka ji ƙugi na kamar sakan 2, wasu kuma sai ana sitata famfon yake juyawa, to ka sa wani ya saurara maka. In shiru, a fara da fis, sai rile (ɗan makunnin da ke sakar wa famfon wuta), in lambarsa ɗaya da na hon a musanya a gani. Daga nan mai waya, wato mai gyaran wutar mota, ya ɗaga kujerar baya ya ɗora mita a soket ɗin da ke kan tanki lokacin da ake sitata, ya kamata a ga kusan bolt 12, ya kuma duba wayar da ke ɗaure a bodi, ruwan da muke kutsawa a Legas da damina tsatsa yake sa mata. In wuta ta iso lafiya kuma shiru, to famfon ne.

Tokumbon da ke cikin motata a kasuwar kayan mota ta Ladipo na saya, a gabana aka jona shi da batir aka gwada. Wallahi ko ranar da go-slow ya riƙe mu daga Ojota har Mile 12 cikin zafin rana, AC a kunne, bai yi ko tari ba, da shi na je Kano da sallah na dawo. Ɗan China kam yana tayar da mota, iyakar abin da zan ce ke nan, wanda ya taɓa shiga motata in ya ɗau zafi sai ya fara kuka, a taka totur mota ta ƙi ja.

Kuma don Allah ka yi hattara da 'yan baranda masu tare mutum tun bakin kasuwa, akwai masu wanke mataccen famfo su ce tokumbo ne, akwai masu zuba jabu a kwalin orijinal. Ka shiga shago da mai wayarka, a gwada, a rubuta maka rasit da sharaɗin canji in bai yi ba. Duk wanda ya ce zai yi maka dairek ya tsallake rile, ko ya naɗa waya a madadin fis, kar ka yarda ko kyauta ne, Allah ya kiyaye in aka yi hatsari famfon da aka yi wa dairek zai ci gaba da turo fetur. In an sa famfon, a canza har da ragar tace man da ke gindinsa, kuma ka daina bari tanki na kaiwa ja, fetur ɗin ne ke sanyaya famfon.