Hattara da mai sayar da "akawun ɗin Ingila" na TikTok, da fuskata yake talla

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas, musamman na Mile 12, Agege, Idi-Araba da Alaba Rago. Kafin na ce komai: duk wanda ya ga wani bidiyo yana yawo, ina sanye da shuɗiyar riga a gaban kwandunan tumatir ina cewa "Alhamdu lillahi an biya ni, mutumin nan mai amana ne", to wallahi tallahi ko sisi ba a biya ni ba. Fuskar tawa ce, muryar tawa ce, amma maganar ƙarya ce. Ranar da na yi bidiyon ni ma jiran kuɗin nake yi.

Naira 285,000. Dubu ɗari biyu da tamanin da biyar. Kwana tara ke nan ina lissafa ta ina sake lissafawa, kamar in na maimaita za ta ragu.

Kuma don Allah masu zuwa su ce min "kwaɗayi mabuɗin wahala", na ji, na gode, an riga an faɗa min a gida. Ni ba yaro ba ne. Shekarata goma sha ɗaya a garin nan. Na yi acaɓa har zuwa 2022 da gwamnati ta hana, da farko a Ikeja da su Surulere, daga baya a watan Satumba hanin ya iso Kosofe ya same mu, na sayar da mashin na dawo kasuwa wurin Kawuna. Mutumin da ya yi shekaru yana mu'amala da agbero, 'yan tashan nan masu karɓar kuɗi a bakin titi, wanda ya san yadda ake cika ƙasan kwando da ruɓaɓɓe a jera mai kyau a sama, ba shi za a kira baƙauye ba. Na ga 'yan damfara kala-kala, masu kiran waya su ce daga banki suke, masu cewa ka ci gasa. Ban taɓa ba su ko naira ɗaya ba. Wannan daban ne, ku bari ku ji.

Ina ɗora gajerun bidiyo a TikTok tun bara. Ba rawa ba, ba barkwanci ba. Da asuba in motocin kaya sun iso daga Arewa sai in ɗauki waya in zagaya, in ce ga tumatirin Kano yau kwando kaza, ga albasar Aliero buhu kaza, ga attaruhu ya sauka ko ya hau. Minti ɗaya, wani lokaci ko minti bai kai ba. Mutanen gida suna so, manomi a Danja yana son ya san yadda kayansa ya kwana a Legas kafin dillali ya faɗa masa nasa. A haka na tara mabiya dubu shida da 'yan kai. Akwai guda ɗaya da na yi ranar da ruwa ya shiga kasuwa, shi ne ya tashi sosai, kuma ta dalilinsa mutumin nan ya same ni.

Ya fara da yabo a ƙarƙashin bidiyon, sai ya biyo ni ta saƙo. Hausarsa tsaf, irin tamu ta ƙasar Katsina. Ya ce shi ɗan Bakori ne, na ce ni ɗan Danja ne, ya ce ashe maƙwabta ne. Ya san hanyar Funtuwa, ya san ranakun kasuwannin yankinmu. Ba zan rubuta sunan da ya ba ni ba, don na gano ba nasa ba ne, kada in ja wa wani bawan Allah zagi a banza. Sunan da ya ba ni daban, wanda ke kan asusun bankin daban, wanda abokan shayinsa suka san shi da shi daban.

Abin da ya ci ni, gaskiya ya fara faɗa min. Ya ce, "Ɗan uwa, ka san duk wahalar nan da kake yi TikTok ba zai biya ka kuɗin kallo ba muddin akawun ɗinka na Najeriya ne?" Kuma haka ne. Tsarin da suke biyan masu bidiyo gwargwadon kallo na wasu ƙasashe ne, irin su Amurka, Ingila, Faransa, Jamus, Japan, Koriya ta Kudu da Brazil. Can ma sai kana da mabiya 10,000, an kalle ka sau 100,000 cikin kwana 30, kuma bidiyon ya wuce minti ɗaya. Mu nan sai dai kyautar da ake jefa maka in kana layif, wato bidiyon kai tsaye, ko wani mai kaya ya biya ka ka yi masa talla. Na sa ƙanina da ke karatu a Zariya ya duba min, ya ce duk abin da mutumin ya faɗa haka yake. To ku gaya min, wanda ka binciki maganarsa ta farko ka samu gaskiya, ta biyu ka samu gaskiya, ta yaya za ka ƙi ta uku?

Ta ukun ita ce wai yana da akawun da aka buɗe a Ingila, mai mabiya dubu goma sha biyu, an riga an kunna masa biyan kuɗi. Naira 85,000. Ni dai in riƙa ɗora bidiyon tumatir ɗina a can, dala tana shigowa.

Ban tura ba. Ina so a rubuta wannan a ajiye, ban tura ba. Na ce sai mun haɗu ido da ido. Ya ce ai shi ma haka ya fi so. Muka haɗu a Agege bayan isha'i, teburin wani mai shayi, na hau danfo tun daga Ketu da kuɗina a aljihun ciki. Mutum ne kamili a ido, fari siriri, da tabon sallah a goshi, farar jallabiya, waya biyu. Ya sa aka haɗa min shayi da ƙwai uku, ya hana ni biya. Ya buɗe wayarsa ya nuna min wani shafi, lambobi suna hawa, dala kaza yau, dala kaza jiya. Na ciro kuɗin na ɗora a kan benci tsakaninmu.

Sai ya sa yatsu biyu ya turo min su. Ya ce, "Haba Malam, mayar da kuɗinka aljihu. Je ka yi shawara, ka yi istihara. In hankalinka ya kwanta ka dawo, in bai kwanta ba zumunci ya fi kuɗi."

Wannan turowar ita ta kashe ni. Yatsu biyu. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda ya turo kuɗin nan ko kallonsu bai yi ba, yana kurɓar shayinsa. A cikin motar dawowa na ce wa kaina, ɓarawo ba ya mayar da kuɗin da aka ajiye masa a gaba. Wane ɓarawo ne zai ga 85,000 a kan benci da dare ya ce je ka yi istihara? Ashe ya san 85,000 ƙofa ce kawai, cikin ɗakin yake so. Bayan kwana biyu ni da kaina na kira shi, ni na roƙe shi ya turo lambar asusu. Ni na roƙe shi.

Daga nan 35,000, wai kuɗin layin waya na Ingila da VPN, don kada kamfani ya gane a Legas nake. A'a, tsaya, kafin wannan ne ya sa ni a guruf ɗin Telegram. Ko bayan ne? Ina jin ranar da na tura 85,000 ɗin ne da daddare, don na tuna ina kwance a rumfa ina karanta saƙonnin. Mutum ya fi ɗari biyu a ciki, kullum wani na ɗora hoton alat, "Oga na gode", "Allah Ya saka da alheri Alhaji". Yanzu da na koma ina duba hotunan da na ajiye, mutum biyar ne kawai ke magana, kuma duk kuskuren rubutunsu iri ɗaya ne. Lokacin ban lura ba. Wa ke duba kuskuren rubutu yana ganin alat?

Akawun ɗin kuwa ya ba ni, na shiga, mabiya dubu goma sha biyu suna nan. Na ɗora bidiyo bakwai cikin mako guda. Wanda ya fi samun kallo bai kai mutum ɗari ba, alhali a ƙaramin akawun ɗina na gida dubbai nake samu. Na yi masa magana. Ya ce Turawa ne mabiyan, ba sa jin Hausa, amma kallonsu ɗaya ya fi namu ɗari tsada, in duba shafin kuɗin in gani. Na duba linkin da ya ba ni, dala 640. Ni ban san shafin nasa ne ba, shi ke rubuta lambar da ya ga dama. Ba cikin manhajar TikTok yake ba sam, wani shafi ne daban da aka yi wa kwalliya da tambarinsu. Ƙanina ne ya nuna min daga baya, ya ce Yaya dubi adireshin mana.

Dala 640. Na buga a kalkuleta sau ya fi goma. Na riga na saya wa Inna buhun shinkafa a raina, na biya kuɗin haya, har na fara tunanin firiza.

Ranar cirewa sai ga maganar haraji. Wai gwamnatin Ingila ba ta sakin kuɗin baƙo sai ya biya nasa kason tukuna, 120,000, kuma za a dawo min da shi tare da dalar. A nan na yi turjiya, Allah shaida ne. Na ce a cire a cikin kuɗin mana. Ya yi dariya ya ce, "Malam, Bature ba ya aiki irin na kasuwar Mile 12." Sai ya ce in ban yarda ba ba komai, zai mayar min da 85,000 ɗina ya ba wani akawun ɗin da dalar da ke ciki. Kun ji? Turowar nan ce dai ta kan benci, ya sake yi min ita. Satin ne kwasata ta adashi ta zo. 120,000 cif, kamar ya sani. Wataƙila ma ya sani, don ni da bakina na taɓa faɗa masa ina zubi.

Bidiyon shaidar kuma a tsakanin nan ne, bayan harajin, kafin 45,000 ta ƙarshe. Ya ce gobe kuɗi za su shigo, in yi masa ɗan bidiyo ya nuna wa "kamfani" cewa mutanensa na gaske ne. Na tsaya gaban kwanduna na yi, har sau uku don na farko hayaniya ta yi yawa. Ya kuma ce zai haɗe min tsohon akawun ɗina da sabon don mabiyan su taru wuri ɗaya, lamba za ta shigo wayata in karanto masa. Ta shigo. A jikin saƙon an rubuta kada a ba kowa. Na karanto masa ita, lamba shida, a hankali don kada ya yi kuskure.

45,000 ɗin ita ce ba na son faɗa. Wai kuɗin canjin dala zuwa naira. Ba ni da ita, sai na taɓa cinikin Kawu na ranar, da niyyar in mayar kafin ya yi lissafin yamma. Shekara uku yana bar min jaka, bai taɓa ƙirgawa a gabana ba. Na tura da azahar. Da la'asar wayar mutumin a kashe, an cire ni daga guruf, akawun ɗin Ingila ya fitar da ni, nawa na gida ma ya ce lambar sirri ba daidai ba. Ban yarda ba fa. Har magariba ina cewa matsalar sabis ce.

85,000, 35,000, 120,000, 45,000. Ku tara. Da mabiya dubu shida da na tara da tashin asuba, yanzu da su yake farauta.

Na koma Agege sau biyu. Mai shayin, dattijo ne, ya ce, "Yaro, sau uku kawai na taɓa ganinsa, kuma kowane zuwa da baƙo yake zuwa." Na je banki na cike takarda, sun karɓa, sun ce kuɗin bai yi minti goma a asusun ba aka kwashe. Kawu kuwa da na faɗa masa bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Da ka tambaye ni ai da na ba ka." Gara ya mare ni.

Ina da komai. Rasit huɗu na tiransifa, hirarmu tun daga sallamar farko, muryoyinsa guda goma sha ɗaya har da wadda yake rantsuwa da Alƙur'ani, da hoton shafin dalar bogin. Zan ɗora su a ƙasan wannan rubutu in na rufe sunan mai asusun, don an ce min sau da yawa asusun wani talaka suke ara ko su saya.

Shawara, a taƙaice. Kada ka sayi akawun, mai imel ɗin farko zai ƙwace abinsa duk ranar da ya so. Wanda zai biya ka ba ya cewa ka fara biyansa. Lambar da ta shigo wayarka taka ce kai kaɗai. In kuɗin bidiyo kake so ta hanyar da ta halatta gare mu, YouTube na biyan 'yan Najeriya in ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, Facebook ma ya buɗe mana tun 2024, kuma babu wanda ke karɓar kuɗin rajista.

Ku taimaka ku kai ƙarar tsohon akawun ɗina a rufe shi, duk abin da aka ɗora daga ranar Talatar makon jiya ba ni ba ne. Sannan bawan Allahn nan na Gusau da ya aiko wa abokina saƙon murya jiya, yana kuka yana cewa ya tura 85,000 saboda ya ga fuskata kuma ya san ni da faɗin farashin gaskiya, don Allah ka sa a haɗa mu. Kada ka tura na harajin.