Jama'ar Gombe, a yi hattara da mai tallar "bulo marar nauyi"

Assalamu alaikum. Akwai wani mutum da ke zagaya wuraren da ake sabbin gine-gine a wajejen Tumfure da hanyar Dukku, yana kuma talla a WhatsApp. Cewa yake yana buga bulo na zamani da siminti da ragowar rake da tsohon kwali, wai marar nauyi ne, mai sanyi, har bene ana ɗora masa. Sai ya karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ba rasit.

Yayata ce ta faɗa hannunsa. Bazawara ce, da kuɗin adashe take gina ɗaki biyu don marayunta. Ya sauke mata bulo 400. Ruwan Agusta ya same su sau biyu kacal, muka je muka tarar sun kumbura, ƙusa na shiga kamar a dafaffen rogo. Lambarsa tun ranar a kashe.

Abin da ya sa mutane ke yarda da shi, maganar tana da tushe. Da gaske ana haɗa zaren takarda da siminti a yi allon silin da na raba ɗaki, shi ne ma ya maye gurbin asbestos a ƙasashe da yawa. Zaren yana rage tsagewa da nauyi. Amma aiki ne na awo, ba na zuba-mu-gani ba. Ragowar rake akwai sukari a jikinta, sukari kuwa yana hana siminti kamawa, shi ya sa sai an jiƙa ta an wanke sosai. Kuma zaren tsiro yana shan ruwa. Wannan mutumin bai wanke komai ba, shara ya cusa don buhun simintin Ashaka ɗaya mai kilo 50 ya yi masa aikin biyu. Ko bulon da aka yi bisa ƙa'ida ma, ba a ɗora masa bene sai injiniya ya gwada ya amince.

Kafin ku biya, ku karɓi bulo biyu, ku jiƙa ɗaya a ruwa ya kwana, da safe ku kankare shi da ƙusa. Ku tambayi ranar da aka buga da kwanakin da aka ba shi ruwa, don siminti sai ya kwana 28 yake kai kusan cikakken ƙarfinsa. Ku je wurin bugun da birkilanku, ku nemi shaidar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa.

Wanda ya riga ya biya ya adana shaidar tura kuɗin, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa. Mu mun kai tamu. Don Allah a tura wa masu gini.