Gilasan bayan Sienna: moton asali ko haɗin rewaya?

Baban Khalifa, ka ce motarka Sienna ce ajin LE ta 2006, gilasan nan biyu na can ƙarshe, waɗanda ke gefen kujerar baya, da hannu ake ɓalle su, kai kuma kana so ka riƙa buɗewa da rufewa daga mazaunin direba ba sai ka yi ta yi wa yara magana ba. Rewayanka na Farin Gada ya ce zai haɗa maka da injin santaral lok cikin wuni guda, wani kuma ya ce ka shiga Dilimi ka nemi moton asali na Beljiyam. Ka tambaya wanne ya fi.

Na Beljiyam ya fi, nesa ba kusa ba. Amma bari in faɗa maka dalili, domin idan ka gane dalilin babu mai juya ka a bakin shago.

Yawancin masu wannan tambaya buɗewa suke tunani. Buɗewa ba ta da wuya, kowane irin ɗan inji zai iya tura gilashin waje. Inda aikin yake shi ne rufewa. Je ka duba sakatar hannun da ke motarka yanzu, ka rufe ta a hankali kana kallo. Za ka ga tana jawo gilashin har ya taɓa robar baki, sannan a ƙarshe sai ta yi ɗan tauri, ka ƙara ƙarfi ta ce ƙas. Wannan ƙas ɗin shi ne komai. A nan ne sakatar take matse gilashin a kan roba, ta kuma wuce tsakiyarta ta yadda ko an ja gilashin daga waje ba za ta saki ba. Duk abin da za ka sa a madadinta dole ya yi waɗannan ayyuka biyu: ya matse, ya riƙe. Wanda bai yi su ba, ka sayi yoyo da ƙara da kuɗinka.

To, moton asali don wannan aka ƙera shi. Toyota ta fitar da wannan samfurin na Sienna daga 2004 zuwa 2010, a masana'antarta ta Indiyana a Amurka, kuma manyan ajin, wato XLE da Limited, sun zo da gilasan baya masu lantarki tun daga kamfani. Jikin motar ɗaya ne da naka. Ma'ana abin da kake nema ba ƙirƙira ba ce, akwai shi a jikin dubban motocin da ake yankawa ana kawo kayansu. Ɗan moto ne ƙarami da giyoyin rage gudu a cikin gida guda, da ɗan hannu da ke fitowa ya kama gilashin. Yana tafiya a hankali, yana da ƙarfi daidai gilashin, kuma idan ya tsaya ya tsaya, ba ka iya tura hannun nan da yatsa. Saboda yana tafiya a hankali, kana iya sakin maɓalli a tsakiya ka bar gilashin a ɗan buɗe.

Injin santaral lok kuwa an ƙera shi ne don akasin haka. Aikinsa ya fizgi sandar makullin ƙofa ya saki. Tafiyarsa gajera ce, kamar santimita 2, kuma wutar da ake ba shi ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Babban abin shi ne, da gangan aka yi shi sako-sako, yadda za ka iya tura shi da hannu, don in ba haka ba ba za ka iya buɗe ƙofarka da makulli ba. Ka ce wa rewayan ya miƙo maka ɗaya, ka ja sandarsa ka tura. Za ka ji tana shiga tana fita ba gardama. Yanzu ka yi tunanin wannan ne ke riƙe da gilashinka kana gangara Hawan Kibo, iska na bugunsa, ga ramuka. Zai rufe da farko, bayan ɗan tafiya ya saki, gilashin ya fara kaɗawa. A watan Agusta na Jos, ruwa zai bi ta nan ya sauka bayan murfin roba inda ba ka gani, sai wari ya sanar da kai. Da hunturu ƙura ce. Ɓarawo kuma ko sukundireba ba ya buƙata, farce ya ishe shi. Idan kuma aka ce a riƙe maɓallin ya daɗe don ya matse sosai, ɗan moton cikinsa zai yi zafi ya ƙone, don ba a yi shi don a riƙe masa wuta ba.

Ban ce rewayanka macuci ba ne. Abin da ke hannunsa ke nan, yana da araha, kuma a gabanka zai danna ka ga gilashi ya buɗe ya rufe, ka biya ka tafi da murna. Matsalar ba a gareji take fitowa ba, a hanya take fitowa.

Akwai haɗi na uku da wasu ke yi, da wani dogon inji mai sandar dunƙule a ciki, wanda ake odarsa ta intanet. Shi yana riƙewa, ba a tura shi da hannu. Nasa aibin ƙarfi ne. Ba ya tsayawa don gilashi ya taɓa roba, sai ya kai ƙarshen tafiyarsa, kuma idan tafiyar ta fi abin da gilashin ke buƙata ko da kaɗan ne, zai ci gaba da ja. Gilashin gefen mota gasasshe ne, ba ya tsagewa ya ba ka gargaɗi kamar na gaba, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya ya zube kamar tsakuwa. Ga shi gilashin ba miƙe yake fita ba, lanƙwasowa yake a kan hinjinsa na gaba, don haka sai an yi wa injin gaɓa mai juyawa, an ƙera masa ƙarfen zama, an yanke murfin roba ya sami wuri. Mai haƙuri da awo zai iya, amma kafin a gama kuɗin ya kamo na Beljiyam, cikin motar kuma ya yi muni.

Sai dai na asalin ma ba ɗauka ka ɗaura ba ne, kuma a nan nake so ka buɗe ido.

Abu na farko da za ka duba, tun kafin ka fitar da ko sisi, shi ne inda hannun moton ke kama gilashin. Ka sami Sienna XLE ta shekarun nan, ba ta wuya a gari, ka tsaya kusa da ita da taka ka gwada: ramin da ke jikin gilashin wuri ɗaya yake? Ƙullin da ke kama shi iri ɗaya ne? Idan ɗaya ne, ka huta, moto da ƙullinsa kawai za ka saya. Idan sun bambanta, sai ka haɗa da gilasan, kuma lissafinka ya canza. Kada ka yarda wani ya ce zai huda maka sabon rami. Gasasshen gilashi ba ya huduwa, da zarar bakin abin hudawa ya shige shi ya tafi.

Na biyu, murfin robar ciki. Na mota mai sakatar hannu da na mai moto ba lallai su zama ɗaya ba, don moton a bayan murfin yake ɓoye, hannunsa kaɗai ke leƙowa. Ka sa a cire naka a leƙa ko ramukan ɗaure moton suna nan a jikin ƙarfe. Idan za ka saya, ka saya daga mota guda: moton dama, moton hagu, notinansu, murfin da ya rufe su, da maɓallin. Dama da hagu ba sa musanya. Kuma ka ce a yanko maka kowane soket da wayarsa kamar taƙi guda. Masu yanka suna son fizge soket su bar shi a jikin mota, kai kuma in babu shi sai rewaya ya dinga soka waya tsirara a bakin moto yana naɗe ta da salatif.

Gwaji a wurin saye ba shi da wahala, kuma mai kaya nagari ba zai hana ka ba. A kawo batir, a taɓa wayoyin moton biyu, hannun ya tafi gefe ɗaya. A juya wayoyin, ya dawo. Ka kasa kunne: tafiya sumul kake so, ba gurnani ba, ba tsalle ba. Idan kana jin moto na juyawa amma hannun na tsayawa yana ƙas-ƙas, haƙoran giya sun cinye, ajiye shi. Sannan a cire wuta ka gwada tura hannun da yatsa, kada ya motsa. Kayan nan sun haura shekara 15, ba kowanne ne ke da sauran rai ba. Idan Dilimi ba a samu cikakken saiti ba, Apo da Zuba a Abuja sun fi yawan Sienna, akwai kuma Panteka a Kaduna. Gara ka jira saiti ya cika da ka tattaro ɗaya nan ɗaya can.

Waya kuwa, kowace hanya ka bi aikin kusan ɗaya ne, kuma nan ne rewaya nagari ke bambanta da na banza. A fara leƙawa bayan murfi da bayan dashbod ko kamfani ya bar soket a rataye wanda ba a jona da komai ba. Idan akwai, a gwada shi da mita, kada a ɗauka kawai yana da wuta. Idan babu, sabuwar waya za a ja, biyu zuwa kowane moto. Motar ta kai mita 5 a tsayi, kuma wayar ba miƙe za ta bi ba, don haka a sayi mai kauri, a sa ta cikin bututun roba, a bi da ita ƙarƙashin robar dokin ƙofa, nesa da layin da ƙofar ja ke gudu a kai. Moton da juya wuta yake canza hanya, saboda haka maɓallin dole ya zama mai komawa tsakiya da kansa idan ka saki. Maɓallin da ke zama inda aka danna shi, rana ɗaya za a manta da shi a kunne.

Abu biyu ba na sassauci a kansu. Fis, a kusa da inda aka ɗebo wutar, daidai da kaurin wayar, ba waya da aka murɗa a gurbin fis ba. Sannan a ɗebo wutar daga layin da ke mutuwa idan an zare makulli. Wanda ya ja kai tsaye daga batir ya bar wa yara abin wasa a mota a fake, da safe kuma a nemi masu turi.

Ka kuma gaya wa rewayan ya cire kan batir kafin ya taɓa murfin sama na gefen nan. Sienna ta 2006 tana da jakar iska mai saukowa daga rufi ta rufe gilasan gefe har zuwa layin baya. Duk soket mai launin rawaya nata ne, ba a soka masa fitilar gwaji, kuma sabuwar waya ba ta gitta gaban jakar. A gefe guda kuma akwai injin esin baya a bayan murfin, wurin a matse yake, a yi a hankali da kilif-kilif ɗin roba don sun tsufa, karyewa suke.

Maganar yara da ka kawo ita ce ta sa na ga aikin ya cancanta a motarka. Gilasan ƙofofin ja suna sauka da lantarki, amma masu zama a layin ƙarshe ba su da wata iska sai ta waɗannan biyun, kuma idan ka ɗan buɗe su tare da na gaba, iska na ratsa motar ta fita ta baya ba tare da bugun kunnen nan ba. Daga Jos zuwa Riyom ba ka buƙatar esi, da ka sauka Akwanga ka doshi Keffi zafi ya karɓe ka, kana so ka rufe ka kunna ba tare da ka tsaya ba. Sai dai maɓallin ya tsaya a gaba, wurinka kaɗai. Kada ka ɗauka moton zai ji yatsan yaro ya koma, ka waiga ko ka yi magana kafin ka rufe.

Da a ce motar haya ce, irin Sharan da Galaxy da ke jigilar Abuja, da na ce a bar sakatar hannu a inda take. Ba ta cin wuta, ba ta ƙonewa, fasinjan baya shi ya san zafin da yake ji, idan ta karye kuma canjinta aikin 'yan mintoci ne. Kai ma idan ka je ka tarar sai an canza gilasai, ko saitin bai samu ba, zama da ta hannu ya fi haɗin santaral lok. A ɗan sa mata giris a gaɓoɓi, a ɗaure sukurorinta, shi ke nan. Ko an sa moton ma, ka karɓi tsofaffin sakatun ka ajiye, kada ka bar su a gareji.

Ranar karɓar aiki kada ka biya cikon kuɗi don ka ga gilashi na motsi. Ka sa takarda tsakanin gilashi da roba, a rufe, ka ja. Ta sama, ta ƙasa, ta bayan inda hannun yake, ko'ina ya kamata ta riƙe. Ka fita ka sa yatsu a bakin gilashin ka ja waje, kada ya ɗaga. Ka zare makulli ka danna maɓalli, kada ya amsa. Daga nan ka wuce wurin wankin mota, ka sa yaro ya nufi bakin gilashin da tiyo sosai, kai kana zaune a kujerar baya da hannunka a ƙasan robar. Idan ka ji danshi, ka koma a sassauta notinan moton a gyara masa zama, don yawanci 'yar matsawa kaɗan ce ta rage.