Birkin gaba na karkarwa: faifai ne ko boris ɗin wuya?

In babur na tafiya a hankali, ka matse birkin gaba ka ji hannun birkin na bugun yatsunka, yana raguwa yadda gudun taya ke raguwa, to faifan birki ne ya lanƙwashe ko kaurinsa ya bambanta. Ɗaga tayar gaba ka juya ta, za ka ji tana gogawa a wuri ɗaya duk zagaye. Maganinsa galibi sabon faifai.

Boris ɗin wuya kuwa, wato boris ɗin da sitiyarin babur ke juyawa a kansa, ba ya bugun yatsu. Riƙe birkin a tsaye, ka tura babur gaba ka ja baya, in matsalar daga boris ɗin take, sai ka ji "ƙwas" a wuyan sitiyari. Ni da shi nake farawa, domin sau da yawa ɗaure noti kawai yake so.