Wata biyar da GoldenDict: yadda na saita shi ya riƙa nemo min Hausa

Aikina fassara ne, takardun ƙungiyoyi da sanarwar asibiti da su tallan rediyo, daga Turanci zuwa Hausa, wani lokacin kuma akasin haka, a ɗan shagonmu nan Zoo Road. Da can in kalma ta tsaya min sai na buɗe shafuka shida bakwai a burauza ina tsalle daga wannan zuwa wancan, ga data na zuba kamar ruwa, ga mai aiki zaune a benci yana kallon agogo. Ƙanina da ke karatu a BUK shi ya saka min GoldenDict a kwamfuta, wata manhaja ce ta neman ma'anar kalmomi a ƙamusoshi daban-daban a taga ɗaya, kyauta ake sauke shi, yana aiki a Windows da Linux.

Ranar farko na buga kalmar Hausa, babu komai. Na kira shi nace wannan abun naka ai fanko ne, yace "Yaya, ƙwarya aka ba ka, kai za ka dama furar." Gaskiyarsa kuwa. Manhajar ba ta zuwa da ƙamus a cikinta, kai ne za ka nuna mata inda za ta je ta ɗebo, kuma duk daɗin abun yana cikin wannan saitin ne.

Kana danna F3 tagar saita ƙamusoshi za ta buɗe. Akwai wajen da aka rubuta Wikipedia, nan na ƙara layi ɗaya na saka https://ha.wikipedia.org/w na yi masa alama, shikenan Wikipedia ta Hausa ta shigo. Amma wanda ya fi burge ni shi ne wajen Websites. Dabarar ita ce ka je shafin da kake so ka nemi kowace kalma, ka kwafo adireshin da ya fito a sama, sai ka goge kalmar ka rubuta %GDWORD% a gurbinta. Misali nawa na farko: https://glosbe.com/en/ha/%GDWORD% sai na biyu https://ha.wiktionary.org/wiki/%GDWORD%. Duk kalmar da ka buga, manhajar za ta ɗauke ta ta ajiye a wannan gurbin ta je ta kawo maka shafin. Dan Allah a kula da alamar % ɗin, gaba da baya ne, kuma da manyan baƙaƙe. Na manta ta ƙarshen sau ɗaya na kai kusan awa ina zargin netwok, har sai da na tsaya na karanta adireshin harafi harafi.

Sai Groups. Na yi rukuni biyu, "Turanci zuwa Hausa" da "Hausa zalla", ka ja ƙamus da linzami ka jefa inda kake so, wanda ka sa a sama shi zai fara fitowa. Ƙamusoshin da ake saukewa a ajiye a cikin kwamfuta, irin fayilolin StarDict ko Babylon, su nake sawa a sama saboda ba ruwansu da intanet, in sabis ya tsaya cak da yamma kamar yadda ya saba, su dai suna nan.

Abun da ya sa na kasa rabuwa da shi shi ne Ctrl+C+C. Ina cikin Word ina fassara wata takardar manoma, na ci karo da kalmar da ke nufin ƙarancin ruwan sama, na zaɓe ta, na riƙe Ctrl na danna C sau biyu, ƙaramar taga ta ɓullo a gefen rubutun da "fari" a ciki, ban bar shafin ba, ban buɗe burauza ba. Mai takardar, wani dattijo daga Dawanau, ya leƙo yace "Malam, har ka samo?" nace Baba an samo. Wallahi ranar na ji daɗin sana'ata.

Inda ake shan wuya kuma laifin ba na saitin bane, matsalar rubutunmu ce a intanet. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Ka buga "baki" a kawo maka na cin abinci alhali "baƙi" kake nema, ka buga "kasa" a ba ka gazawa ko macijiya kai kuwa "ƙasa" kake so. Wasu shafukan sun rubuta da lanƙwasa, wasu sun yar da ita, wani ma a shafi ɗaya za ka ga duka biyun. Abun yana min ciwo sosai, don harshen da ya samu ƙamus irin na Bargery tun 1934 bai kamata a ce yau muna laluben ƙ ba. Abun da na yi, na kunna kibod ɗin Hausa na Windows, kuma duk kalma mai lanƙwasa ina nemanta sau biyu, da ita da babu ita. Akwai kuma wani shafi da na saka na cire bayan kwana uku, talla ta cika taga, fassarar kuma ta inji ce tsagwaronta, irin wadda in ka karanta wa tsohuwa za ta ce wane yare ne wannan.

Kuma kar wani ya ɗauka ya maye gurbin littafi. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 yana nan gefen kwamfutata, bangonsa duk ya ci wuya, in maganar ta kai ga ainihin ma'ana ko karin sauti can nake komawa, don "fari" ɗin nan ma kala ce, rashin ruwa ne, ga kuma ɗan fari, taga ba za ta zaɓar maka ba.

In ka gama saitinka ka shiga Help ka danna Configuration Folder, ka kwafe abun da ke ciki a filas. Watan jiya da aka sake min Windows a Farm Centre komai ya tafi, na dawo shago na mayar da fayil ɗin, rukunaina biyu suka dawo yadda na bar su kafin a kira la'asar.