Littafin gyaran injin yanke ciyawa: ya fitar da kuɗinsa, amma mai kwafin ya cuce ni

Wanda na saya a nan Garwa shi ne na Briggs & Stratton mai lamba 270962, na ƙananan injuna masu silinda ɗaya da bawul a gefe, irin da ke kan yawancin tsofaffin tondes, wato injunan yanke ciyawa, na gidaje da otal-otal. Kwafi ne da aka ɗinke da zoben roba.

Aiki ɗaya ya fitar mini da kuɗina. Tondes ce wuƙarta ta daki dutse a cikin ciyawar damina, ta mutu nan take. Ka ja igiya ta fizge maka hannu, wani lokaci ta yi tari ta salansa. An canza buji, wato fulogi, an wanke karbureta sau biyu, ana ta zagin man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, alhali wuta na zuwa, mai na zuwa. Littafin kai tsaye ya nuna ɗan makullin da ke riƙe folan, wato faifan nan mai nauyi da ke juyawa idan ka ja igiya, a kan karanshaf, sandar da ke juyawa a tsakiyar injin. Da taushin ƙarfe ake yinsa da gangan, don ya yanke kafin karanshaf ya ji ciwo. Da ya yanke, folan ya goce kaɗan, wuta ta daina zuwa a kan lokacinta. Na cire murfin igiya, na kwance nat, sai ga rabin makullin a ramin folan, rabi a ramin karanshaf.

Abin da ya burge ni shi ne hanin da ya yi. Kada a buga folan da guduma, a sa abin zarewa. Kada a sassaƙa ƙusa ko guntun ƙarfe a maye gurbin makullin, abin da kusan kowane garaji ke yi, domin dutse na gaba karanshaf zai tafi da shi. Nat ɗin folan kuma yana da ma'aunin ƙarfin ɗauri, kusan Nm 75, in ya gaza haka makullin zai sake yankewa ko ba a daki komai ba. Ratar kwayil (mai ba buji wuta) da folan milimita 0.15 zuwa 0.25 a wannan injin, bakin buji 0.76. Da na sa sabon makulli, ja biyu tondes ɗin ta tashi. Wallahi a ranar na ce duk mai taɓa waɗannan injuna ya nemi nasa.

To amma da aka zo kan bawul raina ya ɓaci. Teburin ma'aunai, wanda saboda shi ake sayen littafin, ya fito dishi-dishi, ba ka bambance 5 da 6, ga shafuka huɗu na sashen karbureta babu su sam. A irin wannan injin ana gyara ratar bawul ne da goge ƙarshen sandarsa, in ka zarce ƙarfen da ka goge ba ya dawowa. Yaya mutum zai goge ƙarfe da lambar da yake cinka? Na mayar, mai shagon ya ce haka ya same shi.

Sannan littafin injin ne kawai. Babu wuƙa, babu taya, babu wayar birki. Da Ingilishi yake, yaran shago kuwa Faransanci suka karanta. Injunan Sin da suka cika kasuwa ba su ciki, masu bawul a sama ma littafinsu daban.

Mai tondes ɗaya da aikinsa canjin mai SAE 30 da wanke filta bayan ƙurar hunturu, ƙaramar takardar da ta zo da injin ta ishe shi. Makanike ya saya, amma ya fara karanta Model, Type da Code da ke jikin murfin injinsa, ya ƙirga shafuka a gaban mai shago. Ni dai har yau shafukan nan huɗu ban same su ba, ga karbureta biyu a kwano suna jira.