Bawul mai kusurwa na ruwan boila: ya ci kuɗinsa, in an auna daidai

Masana'antun Kakuri da Kudenda a Kaduna masu aiki da boila sun san wannan ciwo: bawul ɗin da ke sakin ruwan zafi zuwa tankin tururi ba ya daɗewa sai ya fara yoyo. Dalili kuwa, matsin da ke bayan bawul ya gaza matsin da ruwan yake tafasa a kai, sai wani sashe ya rikiɗe tururi ya wuce a haka. Ruwa mai zafin digiri 180 idan aka sake shi zuwa matsin iska, kusan kashi 15 cikin ɗari ne ke zama tururi, kuma tururin yana cin wuri fiye da ruwa sau 1,600. Gudun da wannan kumburi ke haifarwa ne ke cinye ƙarfe. In an kwance, za a ga ciki ya yi sumul yana sheƙi, ba rami-rami ba kamar ɓarnar kumfar da ke fashewa.

Bawul mai kusurwa, wanda ruwa ke shiga ta gefe ya fita ta ƙasa, shi ya fi dacewa a nan. Feshin yana miƙewa cikin bututu maimakon ya riƙa dukan bango. A nemi mai gangar jikin WC9 ko C5 (ƙarfe mai haɗin kuromiyom), ba WCB (ƙarfe na gama-gari) ba, toshi da mazauni (sassan da ke haɗuwa su rufe hanyar ruwa) masu rufin Stellite, wani ƙarfe mai tauri, da hannun riga a mafita wanda ake iya canzawa.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne awo. A ce matsin shiga bar 11 ne, na tafasa 10, na fita 1, duk cikakken matsi ba na geji ba. Mai sayarwa mai gaggawa zai lissafa da bambancin bar 10. Amma kwararar ta riga ta shaƙe, wato rage matsin fita ba ya ƙara ta. Bisa IEC 60534, ƙa'idar awon bawul ta duniya, FF (adadin da ake ninka matsin tafasa da shi) yana kusan 0.90, kuma da FL (ma'aunin farfaɗowar matsi a bawul) na 0.8 bambancin da ke aiki bai wuce bar 1.3 ba. Ke nan Kv (ma'aunin yawan ruwan da bawul ke iya wucewa da shi) da ake bukata ya kusa ninka na mai sayarwar sau 3. Duk wanda bai tambaye ka zafin ruwa ba kafin ya ba ka farashi, kada ka saya a hannunsa.

Kada kuma a biya kuɗin kayan ciki masu ƙananan huji da aka yi don hana kumfa. Ba sa hana tafasa, kuma dattin boila yana toshe su.

Aibin bawul mai kusurwa tsada, ga jiran kayan gyara daga waje, don haka a sayi toshi da mazauni na ajiya tun farko. Yana iya fizgar rufewa idan toshi ya kusa mazauni, sai da injin tuƙi mai ƙarfi da na'urar daidaita buɗewa. A kafa shi dab da tanki, bututun fita ya fi na shiga faɗi, ba tare da gwiwa kusa ba.